Rashin Aikin Yi a Ƙasar Ɗan Isa: Ciwo Biyar, Suna Ɗaya

Ranar Lahadi 7 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta kusa da Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Isa, gundumar Madarumfa. Aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu, wasu kuma suka ji raunuka. Watanni kaɗan ke nan da ganin zinariya a wurin, amma dubban mutane sun riga sun yi masa ca, daga ƙauyukan jihar Maraɗi har da ƙetaren iyaka. Bayan haɗarin, hukuma ta ba da umarnin rufe wurin.

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin manya da ma'aikata, wai samarin yanzu ba su son aiki, sun fi son zaman kashe wando. Ramukan Garin Liman sun ƙaryata wannan magana. Mutumin da ya ɗauki diga da igiya da tocila, ya shiga rami mai zurfi wanda babu abin da ya tokare shi, ba za a kira shi malalaci ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kai shi ramin shi ne rashin aikin da zai ci da shi a bisa ƙasa.

Rashin aikin yi suna ɗaya ne, amma ciwon iri-iri ne, kowane da sanadinsa, kowane da maganinsa. Likitan da ya ba masu ciwo biyar magani ɗaya, ɗaya zai warkar, ya bar huɗu kwance. Don haka ya kamata talakawa da mahukunta su san ire-iren ciwon tukuna.

Abin da lissafi ke faɗi

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da ma'auni. A wurinta, marar aiki shi ne wanda ya cika sharaɗi uku: bai yi aikin samun kuɗi ba ko na awa guda a cikin makon da aka yi tambaya, yana shirye ya kama aiki, kuma yana cikin nema. Da wannan ma'auni, ƙiyasin ƙungiyar na shekarun baya-bayan nan ya nuna marasa aiki a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, wato ƙasa da na Faransa nesa ba kusa ba.

Lissafin ba ƙarya ba ne, ma'aunin ne aka ƙera don wata ƙasa dabam. A Turai, wanda ya rasa aiki yakan je ofis ya rubuta sunansa, a riƙa ba shi ɗan abin masarufi har ya samu wani. A Ɗan Isa babu mai biyan wanda ya zauna. Saurayin da ya yi dakon buhu uku ranar kasuwa, ya kwana shida hannu rabbana, lissafi ya sa shi cikin masu aiki. Matar da ta soya ƙuli-ƙuli ta samu ribar dala ashirin, ita ma mai aiki ce. Ke nan tambayar da ta dace da ƙasar nan biyu ce: kwana nawa mutum yake aiki a shekara, kuma abin da ya samu ya ci da gidansa ko bai ci ba?

Ciwo na farko: zaman rani

Galibin mutanen ƙasar Ɗan Isa manoma ne, kuma noman na damina ne. Ruwa yakan sauka a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. In aka haɗa da girbin hatsi da dawa, da roron wake da cirar gujiya, aikin gona bai wuce wata biyar ba. Sauran wata bakwai gona ba ta neman kowa, sai ɗan sassabe da kai taki. Wannan shi ne rashin aiki na lokaci, wanda yake zuwa kowace shekara kamar hunturu.

Kakanni sun san shi, sun kuma yi masa magani tun kafin zuwan Nasara. Da kaka ta wuce sai a koma saƙa da rini da ƙira da jima, wasu su yi fatauci, wasu su tafi ci-rani. Ci-rani ba abin kunya ba ne: wanda ya tafi ya rage bakin da ke cin rumbu, in ya dawo kuma ya zo da kuɗin iri da na sutura. Har yau samarin yankin suna bin wannan hanya zuwa Katsina da Kano da Abuja da Legas, suna ga-ruwa, da sayar da shayi, da gadi, da leburanci. Wasu kuma suna yin arewa, zuwa Agadas da Libiya da Aljeriya.

Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani a duk faɗin ƙasa. A gundumar Madarumfa akwai abin nuni: filin noman ban-ruwa na Jiratawa, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, wajen hekta 500, inda ake jawo ruwan ƙarƙashin ƙasa da injuna. Can ana aiki rani da damina, ana fitar da zogala da kayan garka. Amma hekta 500 ba za ta ɗauki hannun gunduma guda ba. Ga kuma Gulbin Maraɗi, wanda ruwansa ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990, fadamu da dama suka daina shan ambaliya yadda suka saba.

Ciwo na biyu: hannu ya fi gona yawa

Wannan ciwo ɓoyayye ne, don mai shi yana fita gona kullum da hauyarsa a kafaɗa. Ƙidayar jama'a ta 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta samu sama da miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai miliyan 3 da dubu 400, ƙaramar hukumar Ɗan Isa kuma sama da mutum dubu 90. Ƙidayar ta nuna jama'a tana ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 kowace shekara. A kan wannan tafiya, cikin shekara 18 yawan mutane yakan ninka. Ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa.

Ga misali mai sauƙi. Magidanci ya rasu ya bar gandu mai hekta 8, magada huɗu suka raba daidai, kowa ya tashi da hekta 2. In kowannensu ya bar magada huɗu, jika zai tashi da rabin hekta. Gonar da mutum biyu za su nome cikin mako guda, yanzu mutum shida ke kanta. Kowa ya yi gumi, amma damman da aka ɗaure ba su ƙaru ba. In huɗu daga cikinsu suka tafi, amfanin gonar ba zai ragu da ko dami ɗaya ba. Waɗannan huɗun marasa aiki ne, ko da yake babu lissafin da ya ƙirga su.

A kudancin jihar Maraɗi dajin da za a sassabe ya ƙare, hutun gona ya zama labari. Wanda bashi ya kama yakan jinginar da gonarsa ko ya sayar wa mai hali, ya koma ƙwadago a gonar wani. Mata ne suka fi shan wahalar wannan matsi, domin in ƙasa ta yi kaɗan, gayaunar mace ake fara karɓewa. Tun daga shekarar 2019 kuma, ta'asar ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane ta koro dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, ta kuma hana wasu manoman bakin iyaka zuwa gonakinsu na nesa. Hannu ya ƙaru, gona ta ragu.

Ciwo na uku: in iyaka ta rufe

Masana tattalin arziki suna da wani irin rashin aiki da suke dangantawa da hawa da saukar kasuwa. In ciniki ya tsaya, masana'antu su sallami ma'aikata, waɗanda aka sallama su rage saye, ciniki ya ƙara tsayawa. Haka ta faru a Amurka a 1933, lokacin da ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ya rasa aiki. A Ɗan Isa babu masana'anta, amma akwai abin da ya tsaya a matsayinta, wato iyaka.

Garin yana bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi, wajen kilomita 40, ta nufi Jibiya da Katsina da Kano. Nan ofishin duwan yake. Babbar mota guda in ta tsaya tana ci da mutane da yawa: ƴan dako, da ƴan kamasho, da ƴan canji, da ƴan kabu-kabu, da masu faci, da mai shayi, da mai tuwo. Babu ɗayansu da ke da takardar ɗaukar aiki, babu kuma wanda za a biya haƙƙin sallama ranar da motar ta daina zuwa.

Ta kuwa sha dainawa. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Najeriya, ƴan ci-rani suka dawo gida tsakiyar rani. Daga Afrilu na 1984 zuwa farkon 1986 iyaka ta kasance a rufe, rufewar ta haɗu da fari, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta don hana shigar shinkafa da fitar man fetur. An buɗe wasu ƙofofi a Disamba na 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanyar, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024.

Ko iyaka tana buɗe, shawarar da aka yanke a Abuja takan iso Ɗan Isa kafin a kwana biyu. Ranar 29 ga Mayu na 2023 shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur. Farashin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin ƴan kwanaki, ribar ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalabe ta tsuke. Faɗuwar naira ta biyo baya: a 2024 jika guda ta sefa ta wuce naira 2000, kusan ninki biyu na abin da take a farkon 2023. Ma'anarsa, ɗan ci-rani ya yi wahalar da ya saba yi a Kano, amma in ya canza kuɗinsa zuwa sefa sai ya ga wajen rabi.

Darasin a fili yake. Arzikin da ya dogara ga bambancin farashi tsakanin ƙasa biyu, rancen kwana ne. Mai shi ba ya da iko a kan ranar da za a karɓe.

Ciwo na huɗu: zamani ya juya, sana'a ta tsaya

Akwai rashin aikin da ba ya wucewa da saukar damina ko buɗewar iyaka, don aikin kansa ne ya mutu, ko kuwa abin da mutum ya iya ba shi ake nema ba. Dattawan Maraɗi sun ga irinsa da idonsu. A shekarun 1960 gujiya ce kan gaba cikin abin da Nijar ke fitarwa waje. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi ke saye, masana'antar SICONIGER ta Maraɗi tana matse mai. Kakar gujiya takan ba da aiki ga masu awo, da masu ɓara, da masu ɗinkin buhu, da ƴan dako, da direbobi, a daidai lokacin da aikin gona ya ƙare. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama shuka a 1975, suka karya wannan ciniki, bai kuma koma yadda yake ba. Haka masaƙa da marina suka rasa kasuwa a gaban yadin kanti da gwanjo.

Irin wannan ciwo ya kama ƴan boko su ma. A da, wanda ya fito da takardar shaidar karatu, aikin gwamnati yana jiransa. Da kuɗin yuraniyom suka ja baya a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, wannan ƙofa ta ƙuntata. Makarantu kuwa sun ci gaba da yaye ɗalibai, har Maraɗi ta samu jami'arta a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ilimi alheri ne, babu mai musu. Amma yaron da ya bar makaranta a tsakiyar hanya yakan tashi tsakanin biyu: hannunsa bai saba da hauya ba, takardarsa ba ta isa ofis ba. A lokaci guda kuma, injin ban-ruwa ko faifan hasken rana in ya lalace a ƙauye, sau da yawa sai an nemo mai gyara daga birni. Ga aiki, ga marasa aiki, amma ba su haɗu ba.

Ciwo na biyar: tsakanin aiki da aiki

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Magini ya gama gini yana jiran wani, direba ya bar mota yana neman wata, ɗalibi ya fito yana ɗaga ido. Babu ƙasar da ta rabu da wannan, kuma ba abin tsoro ba ne in jiran bai daɗe ba. Abin da ke tsawaita shi shi ne rashin labari. Hukumar ANPE mai haɗa masu neman aiki da masu ɗauka tana manyan birane, ɗan ƙauye kuwa labarin aiki yana zuwa masa ta bakin ɗan'uwa ko jita-jitar tasha. Irin wannan jita-jita ce takan tara dubban mutane a bakin rami guda cikin ƴan makonni.

Abin da ya kamata a yi

Da fari, a gyara ma'auni. Magabatan ƙaramar hukuma, da hakimai da masu gari, da malaman gona, suna iya sanin gida nawa ne hatsinsu ke ƙarewa kafin bazara, samari nawa ke tafiya da kaka, wata nawa suke yi, wace sana'a ce ake nema a rasa. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da babban amfani a nan, don su ne za su riƙe littafin ƙauye da harshen da kowa ke ji. Shirin da aka gina bisa lissafin kashi 1 cikin 100 zai wuce ta bisa kan jama'a.

Na biyu, ƙarfin hukuma ya fi karkata ga wata bakwai na rani, don nan ne ciwon ya fi yawan mutane. Duk inda ruwan ƙasa yake kusa, rijiya da injin ban-ruwa sun fi kowace lacca. Maganar ruwan Gulbi kuma tana da wurin yin ta: akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka haɗa, Gulbin Maraɗi yana ciki. Inda babu ruwa, a biya mutane su farfaɗo da ƙasar da ta mutu, kamar yadda aka yi a Keita tun daga 1984. Indiya ta kafa doka a 2005 wadda ta lamunce wa kowane gidan karkara aikin kwana 100 a shekara da lada. Aljihun Nijar bai kai na Indiya ba, amma dabarar abin dubawa ce: aikin ya zo a watan da aka sani, manomi ya san da shi tun kafin ya ɗaura kayan tafiya.

Na uku, gonar da ta ƙanƙance sai a ƙara mata daraja. Sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a cikin gona ana gyara shi, daga jihar Maraɗi ya faro a shekarun 1980, yau ana koyi da shi a ƙasashe da dama. Yana ba da itace da abincin dabbobi, yana kare ƙasa. Wake da aya da riɗi da jar akuyar Maraɗi suna fita ɗanye zuwa Najeriya, aikin sarrafa su da ribarsa su zauna can. Kowane buhu da aka niƙa ko aka matse ko aka tsabtace a nan, aikin yini ne ga wani. Mata sun riga sun iya, abin da suka rasa shi ne jari da injin da kasuwa tabbatacciya.

Na huɗu, koyon sana'a ya bi abin da kasuwa ke nema. In cibiya ta yaye teloli talatin a garin da teloli biyar suka ishe shi, an canza wa rashin aiki riga ne kawai. A fara tambayar masu garka da masu motoci da magina irin hannun da suke nema, sa'an nan a buɗe aji.

Na biyar, a yi shirin gobe. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284. Jirgi yana kawo arziki, amma yana iya wucewa da kayan da a da ake saukewa a bakin iyaka, ya bar ƴan dako suna kallo. Tun kafin ya iso ya kamata a san me Ɗan Isa za ta loda masa.

Wani zai ce duk wannan sai da kuɗi, baitulmali kuwa yana fama da yaƙin tsaro. Gaskiya ne. Sai dai saurayin da ya rasa abin yi wata bakwai, shi ne wanda mai fasa-ƙwauri da ɗan bindiga suke nema. Kuɗin da aka sa a rijiya da garka suna cikin kuɗin tsaro, kuma rigakafi ya fi magani.

Jama'a su ma suna da nasu kaso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: abin da manomi guda ba zai iya saye ba, ƙungiyar mutum ashirin za ta iya. Kuɗin ci-rani in sun ƙare a biki guda, baɗi sai a sake tafiya. In sun zama akuya ko injin niƙa, wata rana tafiyar za ta zama zaɓi. Mahukunta kuma su daina auna samari da zargin lalaci, su auna su da yawan kwanakin aikin da aka samar musu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu wurin neman halaliyarsu, ya ba na baya abin yi a bisa ƙasarsu.